Ruwan da Ya Ɓata Tsakanin Hawata da Mafaza

Daminun da na yi a wannan aiki yawancinsu sun cakuɗe mini a ka, amma akwai safiya ɗaya da ta ƙi barin raina, safiyar da aka ce mana rabin kogin Rahad ya ɓata. Ku da kuka shigo aikin yanzu, kowa da waya a aljihu, za ku ce tatsuniya nake yi. To ku saurara, don ni na bi sawun ruwan nan da kaina, kuma har yau in aka tambaye ni wa ya yi laifi sai in tsaya ina sosa ƙeya.

A lokacin ni fanni ne, wato ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashin injiniya, a ofishinmu na Gadarif a ƙasar Sudan. Shekarun farko ne na gwamnatin nan da ta zo da kabbara a bakinta. Sai an yi karatun Alƙur'ani da safe kafin a zauna aiki, man dizal sai da izini, kuma ana ta sallamar ma'aikata da sunan maslahar jama'a. Mutum zai zo ofis da safe lafiya lau, kafin azahar a ce ya tattara ya tafi gida, ba mai gaya masa dalili. Don haka kowa ya riƙe aikinsa da hannu bibbiyu, kuma ba wanda yake son a ji sunansa a sama.

Bari in bayyana aikin don waɗanda ba su san shi ba. Rahad ba ya gudu duk shekara. Da rani a ƙafa ake ratsa shi, yashi ne da 'yan tafkuna. Amma in aka sheƙa ruwa a duwatsun Habasha sai ya taso jawur, yana jan itatuwa da mushen dabbobi. Muna da wuraren awo uku a bakinsa: na sama wajen Hawata, na tsakiya kusa da Mafaza, na ƙasa wajen Fau. A kowane wuri akwai migyas, dogon ƙarfe mai zanen lambobi da aka kafa a gaɓa, da kuma mutum ɗaya ɗan wurin wanda kowace safiya zai je ya ga lambar da ruwa ya kai. Sai ya kai wa mai wayar iska a ofishin 'yan sanda mafi kusa, shi kuma ya buga mana. Ruwan da Hawata ta gani yau, Mafaza za ta gan shi gobe, Fau ta gan shi bayan nan. Da wannan ɗan tazarar muke gargaɗin mutane su tashi.

A daminar da nake ba ku labari, hankalinmu yana kan wani ƙauyen Hausawa da ke tsakanin Mafaza da Fau, ana ce masa Hillar Musa, da sunan dattijon da ke riƙe da shi, Shekh Musa. Mutanen manoma ne na gaske, har 'yan ƙodago suke ɗauka da kaka. Dawarsu ba a rumbu take ba, a matmura take, wato rami mai zurfi da ake shimfiɗa wa ƙaiƙayi, a zuba hatsi, a rufe da ƙasa. Hatsi na iya shekara da shekaru a ciki ba abin da ya same shi. Amma in ruwan kogi ya kwanta a kan ramin, to an gama. Ramukan Hillar Musa kuwa a kwari suke, kuma a cikinsu duk abincin ƙauyen yake.

Da kogi ya fara hawa, Shekh Musa ya aiko yana neman a taimake su da tarakta mai tirela a kwashe dawar zuwa tudu. Mudir ɗinmu, wato shugaban ofis, wanda muke ce wa Bashmuhandis, ma'ana babban injiniya, ya yarda. Tarakta ɗaya ce muka samu wa mai, da ƙyar. Aka mayar wa Shekh Musa da amsa cewa tana tafe ta hanyar kwalta ta Fau, kuma kada su buɗe ramukan sai ta iso, don buɗe matmura da damina ba abin ɗauka a kusa, ba wa ruwan sama dawa ne kyauta. Aka loda buhunan da babu komai a tirela, aka ce ni zan raka direba, wani Adam, mutum mai yawan tsokana.

Da safen da za mu tashi sai lambobi suka shigo. Hawata ta hau. Fau ta hau. Mafaza, wadda ke tsakaninsu, ta faɗi, kuma ba ƙaramar faɗuwa ba, abin da ya kai daga tafin ƙafa zuwa ƙugun mutum.

Bashmuhandis ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce a sake bugawa a tambaya. Aka sake, amsa ta dawo yadda take. Ya ce wa ke karatu a Mafaza? Aka ce Baba Garba. Nan ba wanda ya kawo zancen kuskure, don Baba Garba ya fi shekarun wasunmu yana wannan aiki, ba a taɓa kama shi da kuskure ba, ba ya kuma fashi ko ranar salla.

Bashmuhandis ya juyo gare ni ya ce, “Ya Ishak, ruwa ya wuce Hawata, bai isa Mafaza ba. Ina ya tafi?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan.”

Ya ce, “Ruwa ba ya tashi sama. Gaɓa ce ta ɓalle a tsakani, kogi ya kwarara cikin ƙauyuka. Yanzu haka akwai mutane a kan rufin ɗaki, mu muna nan muna shan shayi.”

Na ce to Fau fa da take hawa? Ya ce wannan tsohon ruwa ne yake wucewa, gobe za ta sauka. Na ce Hillar Musa fa? Ya ce ai su Allah ya yi musu gyaɗar dogo, ruwan da zai cinye su ya bi wata hanya. Maganar ta zauna daidai a kunne. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da wata amsar da ta fi tasa, kuma a zamanin nan fanni ba ya ja-in-ja da injiniya a kan abin da ba zai iya nunawa ba.

Nan take aka canza komai. Aka jibga tantuna da leda a kan buhunan, aka ce mu bi ta kudu mu ɓulla wajen Hawata, sa'an nan mu biyo bakin kogi muna gangarowa har mu sami inda ya ɓalle. Aka buga wa Fau a sanar da Shekh Musa cewa kogi ya sauka a Mafaza, su kwantar da hankali, tarakta ta tafi ceton wasu. Da za mu fita har wani babba ya zo aka yi kabbara a ƙofar ofis.

Ku da kuka san baƙar ƙasar nan da damina ba sai na faɗa muku ba. Taɓo ne mai kama taya ya ƙi saki. Mu tono, mu sa ƙirare, mu tura, mu yi gaba kaɗan, mu sake kafewa. Da muka iso bakin kogi sama da Mafaza, kayan jikinmu sun koma kalar hanya.

Kogin kuwa yana nan a cike maƙil, yana gudu abinsa. Ƙauyen farko da muka shiga, busasshe ƙarau, mata na daka, awaki na kwance a inuwa. Na sauka na yi sallama na tambayi dattawa inda ambaliyar take. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, “Ambaliya? Tana tafe ne?” Na ce a'a, ta riga ta zo, nemanta muke. Ya ce, “Tayyib. In ta zo, to ba ta biyo ta nan ba. Lakin ku duba gaba, an ce mutanen gaba suna cikin mushkila.”

Muka yi gaba. Mutanen gaba su ma suka ce gaba. Daga baya ne na gane, ba wanda ya ji komai. Kawai mutanenmu ba sa son baƙo na hukuma ya yi tambaya ya tashi hannu rabbana, sai su ba shi ko da kwatance ne. Wani makiyayi har ya ɗaga sanda ya nuna mana wani kurmin ƙaya ya ce can ne, ya ga tsuntsaye na shawagi. Muka kutsa har wurin, muka sami tsohuwar fadama da kwaɗi.

A wani ƙauyen kuma sai abin ya juye. Ganin tarakta da tantuna da mutumin hukuma yana tambayar ambaliya, kafin in gama bayani mata sun fara ɗaure kwanuka, ana kora shanu tudu. Na bi su ina cewa ba komai, suna cewa in ba komai me ya kawo tantuna? Shugaban kwamitin ƙauyen ya riƙe tirela ya ce tunda an riga an tayar musu da hankali, a sauke musu rabonsu. Da ƙyar muka kuɓuta, yana bin mu da cewa zai kai ƙara.

Adam ya ce, “Ya Ishak, ni na taɓa neman ɓatacciyar akuya, na taɓa neman ɓataccen raƙumi. Amma kogi, wallahi yau na fara.”

Ban yi dariya ba. Kaina ya ɗaure tamau. Ina kallon ruwan nan da idona yana lasar bakin gaɓa, har ya fi yadda na bar shi a takarda, amma ina ta gaya wa kaina tabbas ɓarakar tana gaba, tunda Baba Garba ba ya kuskure. A wani ofishin 'yan sanda na samu na buga Gadarif. Bashmuhandis ya ce Mafaza ta ɗan hau amma har yanzu tana ƙasa sosai, Fau kuma ta ƙi sauka, shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya ce, “Ci gaba da nema, ba mamaki ɓarakar tana dab da Mafaza.” Na ce to.

Haka muka yi ta gangarowa har muka ƙure hanya, muka iso wurin awon Mafaza da hantsi bayan mun kwana a hanya, ba mu ga ko ɗaki ɗaya da ruwa ya ci ba.

Na san wurin, na sha zuwa. Migyas ɗin yana can ƙasa kusa da wata tsamiya da ta karkata. Da na duba, ba tsamiya, ba gaɓar da take kai, duk ruwa ya cinye. Amma ga ƙarfen nan tsaye ƙyam a can sama, a gefen gonar kuɓewa, an tallafe shi da duwatsu, an goge lambobinsa fes, har an kewaye shi da ƙaya ta bayan tudu don kada shanu su goga masa jiki. Ruwa yana taɓa gindinsa.

Baba Garba ya taho da sauri yana gyara rawani, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, “Marhaba da Bashmuhandis!” Haka yake kirana duk da ya san ban kai ba. “Ka gani? Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane bai yi ba.”

Na ce, “Baba, wa ya kawo ƙarfen nan nan?”

Ya ce, “Ni da surukaina. Gaɓa ta fara zubewa a ƙarƙashinsa, ɗana. Da mun ƙara jinkiri, da yanzu yana hanyar Fau. Har wuya muka shiga muka tumɓuko shi.”

Na zauna a kan tayar tirela. Na ce, “Baba, ka ɗaga ƙarfe sama, ai dole lamba ta sauka.”

Ya ce, “Aiwa, ta sauka mana. Na gani.”

“Ka gani, kuma ka aiko mana da ita haka?”

Ya dube ni kamar ni ne na ruɗe. Ya ce, “To wacce zan aiko? Ranar da aka ɗauke ni aikin nan, injiniyan da ya kafa ƙarfen ya riƙe hannuna ya ce, Garba, abin da ruwa ya taɓa shi za ka faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka yi kintace. Lissafi namu ne a ofis. Tun ran nan ban taɓa ƙara ko ɗan yatsa ba. Yanzu da furfurata zan fara?”

Na ce to me ya sa bai bar ƙarfen inda yake ba. Ya ce, “Ya salam! Uhda ce fa.” Uhda ita ce kayan hukuma da aka damƙa a hannun ma'aikaci, in ya ɓata shi za a kama. “Ba ka ji abin da ya sami wani mai karatun ƙarfe na can sama ba? Ruwa ya tafi da nasa, aka ce sakaci, aka sallame shi. Yana nan yana sayar da gawayi. Ni ina da marayu a gida.”

Na ce, “To ai sai ka faɗa ka matsar da shi!”

Ya ce, “Na faɗa wa askari, ɗan sandan nan mai waya. Ya ce batir ya yi sanyi, lamba bas, ita kaɗai ake aikawa, labari sai ranar da aka kawo sabo.”

Ni mutum ne mai saurin fushi, kun sani. Na miƙe bakina cike da magana, amma na rasa wanda zan zuba wa. Ga tsoho sa'an mahaifina, ya shiga ruwa har wuya don ƙarfen hukuma, ya kuma ƙi yi wa hukuma ƙarya. Duk abin da aka ce ya yi, ya yi. Sai kawai na ji kaina ina cewa, “Hillar Musa.” Baba Garba ya ce me ya sami Hillar Musa? Da na gaya masa saƙon da aka aika musu, fara'ar ta bar fuskarsa. Ya dafa ƙarfen ya ce, “Innalillahi. Ƙanwata tana aure a can.”

Na ruga wurin mai wayar, na ce ko batir ya mutu sai ya tashe shi. Na gaya wa Bashmuhandis. Ya ce, “To ina ɓarakar?” Na ce babu ɓaraka, ranka ya daɗe, ba a taɓa yin ta ba, ruwan duk yana cikin kogi kuma ya riga mu yin gaba. Ya ce, “Ku tafi. Ku tafi yanzu.”

Baba Garba ya haye tirela ba tare da an ce ya hau ba. Adam bai sake yin tsokana ba. Muka yi ta fama da taɓo, ni ina ta lissafin banza a kaina, wai ko ruwan ya tsaya a bakin kwarin, ko sun ƙi jin maganarmu sun buɗe ramukan sun kwashe da jakuna. Addu'ata duk a kan su ƙi jin maganarmu take.

Sun ji maganarmu. Da muka hango ƙauyen, gidaje suna nan a tsaye don suna ɗan bisa, amma kwarin ramukan ya zama tafki. Maza na ciki har gwiwa suna lalube da sanduna, kowa na neman bakin raminsa. Shekh Musa ya fito daga ruwan, dogo, siriri, rigarsa a naɗe. Ya gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya sa a kawo mana ruwan sha. Sa'an nan ya ce, “Malam Isiyaku, ni akwai abin da ban gane ba. Mun ga kogi yana hawa da idonmu. Samari suka ce a buɗe a kwashe da jakuna, ko rabi a samu. Na hana su. Na ce hukuma tana da ƙarfe a Mafaza, tana ganin abin da ba mu gani ba, ta ce ya sauka. To yanzu, ya sauka ne ya sake hawa, ko yaya?”

Baba Garba ne ya matso ya durƙusa a cikin taɓo ya yi masa bayani tun daga tsamiya har zuwa batir. Shekh Musa ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “To ƙarfen dai ya tsira?” Baba Garba ya ce ya tsira. Ya ce, “Khalas, shi ke nan. Tashi, Garba, rigarka na ɓaci.”

Mun yi kwanaki a can bayan ruwa ya ja. Aka buɗe ramukan. Warin dawar da ta jiƙa ta fara tsami, ba na fatan ku ji shi. Ta sama-sama da ta ɗan yi dama muka shanya a kan tantunan, mata suna tsince wadda ta tsira da hannu. Sauran ko jaki ya ƙi ci.

A ofis an zauna a kan maganar, aka rasa inda za a ajiye ta. Bashmuhandis ya yi aiki da lambar da ya samu. Mai waya ya aika abin da aka saba aikawa. Baba Garba ya tsare amana ya kuma faɗi gaskiya. Ba a kori kowa ba, ba a kuma yaba wa kowa ba. Aka tura mu muka sake auna tsayin ƙarfen a sabon wurinsa, aka ci gaba da aiki. An kai wa Hillar Musa ɗan taimakon hatsi daga baya, amma ƙauye guda ba ya rayuwa da ɗan taimako.

Da kaka ta yi, wata rana ina wucewa ta tashar manyan motoci a nan Gadarif, sai na ji an kira sunana. Shekh Musa ne a bayan lori, shi da mazan ƙauyensa, kowa da lauje da ƙullin kaya, za su Fashaga yankan riɗin wasu. Mutumin da bara shi ke ɗaukar 'yan ƙodago. Na ce masa sannu. Ya miƙo hannu daga sama muka gaisa, ya ce in na ga Garba in gaya masa ƙanwarsa tana lafiya, ya daina aiko da ban haƙuri, ya isa haka.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan lamba ba ta zuwa ita kaɗai. Mutum ne ya karanta ta, da tsoronsa da amanarsa, wani ya aiko ta, a can ƙarshe kuma akwai wanda zai ajiye abin da idonsa ya gani don ya yarda da mu. Shi ya sa in lamba ta zo muku da abin mamaki, kafin ku tambayi inda ruwa ya tafi, ku kira mai karatun ku bar shi ya yi magana har ya gama, ko da batir zai mutu. Mutanen Hillar Musa sun koyi nasu darasin su ma. Daga wannan shekara, duk lokacin da muka aika musu saƙo, sai su karɓa da godiya, su yi wa ɗan aike shayi, sa'an nan su tura samari bakin kogi su duba.